Yadda Ake Bambance Maciji Mai Hancin Alade da Macijin Murjani

Ranar da na fara ganin maciji mai hancin alade a bakin wata gona a yankin Chaco na arewacin Ajantina, sai da gabana ya faɗi. Ja, baƙi, fari, zobe bayan zobe, sak macijin murjani, wanda dafinsa ke shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Manomin da muke tare ya ce in bar kallon launi, in dubi hanci.

To, daga nan za ka fara, kana nesa da taku uku ko huɗu. Mai hancin alade, wanda masana ke kira Xenodon pulcher, ƙarshen hancinsa a ɗage yake sama kamar bakin ƙaramin shebur, da shi yake tonon rairayi yana neman kwaɗi. Na ga yadda ya cusa hancin nan a ƙasa, kafin ka ce kwabo rabin jikinsa ya shige. Na murjani kuwa kansa a mulmule yake, idanu 'yan mitsi-mitsi, ba ka gane inda kai ya ƙare wuya ya fara.

Sai jiki. Mai hancin alade gajere ne kakkaura, da wuya ya wuce santimita 60. Na murjani siriri ne sambal kamar igiya.

Idan ya kwanta lamo, ƙirga baƙaƙen zobba tsakanin ja da ja. A wannan yanki na murjani uku yake jerawa, fari na raba su, mai hancin alade kuma biyu. Amma ni ban cika dogara da ƙirgen nan ba, domin maciji a cikin ciyawa ba ya tsayawa a ƙirga shi. Ƙa'idar nan ta Amurka, wai in ja ya taɓa rawaya akwai haɗari, in ya taɓa baƙi babu, kada ka kuskura ka ɗauko ta nan. A Kudancin Amurka macizan murjani da yawa jansu baƙi yake taɓawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawan masu hancin aladen da ake sarewa da adda, alhali ɗan dafinsu a haƙoran baya yake, na kama kwaɗo ne. Kamannin nan da yake yi da na murjani ma don tsuntsaye masu farauta su ji tsoro ne.

In maciji ya sari mutum kuma ba ka tabbatar da wanne ne ba, ɗauka na murjani ne. Ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaurewa. A wuce asibiti nan take ko da mutum yana jin garau, don alamun kan jinkirta sa'o'i kafin fatar ido ta fara faɗuwa.