Birnin Fasaha da Ruwan Marka: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Yanzu kowane gwamna yana son a ce birninsa ya zama na fasaha: kyamarori a kan tituna, fitilu masu aiki da hasken rana, ɗakin sa ido cike da manyan allunan kwamfuta. Babu laifi. Amma ruwan watan Agusta ba ya duba allo. Hanyarsa kawai yake nema, in ya tarar an tare ta, sai ya bi ta ɗakin mutane. Yawancin kurakuran da za a ambata a nan daga manta wannan suka samo asali.

Cike kududdufai da gini a bakin kwari

Wannan shi ne babba, kuma shi ya fi wuyar gyara domin akwai kuɗi a ciki. Tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu. Ba ado ba ne. Idan aka tafka ruwa, su ke riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya gangara rafin Jakara a hankali. Da fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike su da shara da ɓaraguzai ana yanka fuloti, ana gina shaguna. Ruwan da ke kwana a kududdufi bai daina zuwa ba, wurin kwanansa ne ya sauya. Da ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddoji, abin da 'yan kasuwa suka fi nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

A nan ne fasaha ke da amfani na gaske, kuma mai araha. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya suna nan kyauta a Google Earth. A ɗauko na da, a ɗora a kan na yau, nan take za a ga kududdufin da ya ɓace da rafin da aka matse. A sa waɗanda suka rage a taswira, a hana ba da takardar mallaka a kansu, a kuma buga taswirar kowa ya gani, domin mai sayen fili ya san abin da yake saye. Wanda ya riga ya gina kuwa, rusau ba tare da diyya ko wani matsuguni ba ba ya ɗorewa. Bayan an kwana biyu wani zai sake gini a wurin.

Turawan Holan sun fahimci darajar abin da muke cikewa. A birnin Rotterdam, a 2013, sun buɗe wani dandali da aka haƙa shi ƙasa-ƙasa da gangan: da rani matasa na wasa a ciki, in an yi ruwa mai yawa ya zama tafki. Kuɗi suka kashe suka gina kududdufi.

Shafe ko'ina da siminti

Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a ruwan milimita 50, zai zubar da lita 5,000. In tsakar gidan ma an dabe ta da siminti, duk wannan ruwa kwata zai nufa cikin 'yan mintoci, haka gidan maƙwabci, haka layin gaba ɗaya. Gyaran yana hannun maigida: a bar wani ɓangare na tsakar gida da ƙasa ko tsakuwa, a jona indararo da tanki, a dasa itace. In intalok za a sa, a shimfiɗa shi a kan yashi ba a kan kankare ba.

Sayen na'ura kafin a yashe lambatu

Na'urar auna ruwa da aka liƙa a kan kwalbatin da leda da robar lemo suka toshe, abin da za ta gaya maka shi ne abin da yaran unguwa suka riga suka sani. Yasar magudanai aikin watan Afrilu da Mayu ne, kafin ruwan farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma akwai wani ƙaramin kuskure da ke ɓata aikin gayya da yawa: matasa su yi gumi su fito da dagwalo, su jibge shi a bakin lambatun, babu motar kwasa, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kada a sa ranar yasa sai an tabbatar da motar.

Gargaɗin da ba ya isa kunnen mai shi

Kowace shekara kafin damina, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen yanayi, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Aikin yana da kyau, amma a ce "ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari" bai gaya wa mai shayi a bakin gada abin da zai yi ba. Ambaliyar Mokwa, a jihar Neja, ta 29 ga Mayu 2025 da asuba ta zo, ta tarar da mutanen Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a gida, ta kashe fiye da mutum 150. Saƙo a manhajar da ke buƙatar data, da Turanci, ba zai tashi kowa daga barci a irin wannan lokaci ba.

Gargaɗin kirki yana da abu uku a ciki: wace unguwa, yaushe, a nufi ina. A Yamai an raba tsayin kogin Kwara kala-kala, ja, wato matakin haɗari, shi ne santimita 620, kuma jama'a na jin adadin a rediyo. Ko da hakan, a Satumba 2020 ruwan ya kai wajen mita 7, jingar unguwar Lamorde ta ɓalle. Ke nan adadi kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa shi da shiri. Lasifikar masallaci, mai unguwa, saƙon tes da Hausa ko Barbarci ko Zabarmanci, gidan rediyon gari: waɗannan su ne ƙarshen igiyar. A kuma sanar da makarantar da ke kan tudu da za a taru a cikinta tun da rani, a san waɗanda za su ɗauko tsofaffi da guragu.

Manta abin da ke saman gari

Birni na iya gyara kowace kwata a cikinsa, ruwa ya zo masa daga nesa. A daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri ya mamaye Gwange, Fori, kasuwar Monday Market, fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun dajin gidan zu suka fito. Shekara talatin kafin nan, a 1994, madatsar ta taɓa yi wa Maiduguri haka. A Kano ma madatsar Bagauda ta fashe a 1988. Madatsar da aka gina da ƙasa tana tsufa, laka na cika cikinta, ƙofofinta na yin tsatsa. Duba ta duk shekara da sa mata na'urar da ke aiko da tsayin ruwa kai tsaye ga masu mulkin garin da ke ƙasanta ya fi kyamara dubu a kan titi amfani.

Haka batun madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sakin ruwanta ke taɓa garuruwan bakin Binuwai daga Yola har Lokoja. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare wannan ruwa a Adamawa har yau ba a kammala ta ba. A Haɗeja kuwa ciyawar kachalla ce ke toshe hanyar kogi.

Ɗauka cewa an gama

Birnin Zhengzhou na ƙasar Sin ya kashe maƙudan kuɗi a tsarin da ke sa ƙasa ta shanye ruwa. A 20 ga Yuli 2021 aka yi ruwan da ya haura milimita 200 cikin awa ɗaya, mutane suka mutu a jirgin ƙarƙashin ƙasa domin ba a dakatar da shi da wuri ba. Kowace magudana tana da iyakar abin da za ta ɗauka, don haka dole a yi shirin ranar da za a wuce iyakar. A ɗaga taransifoma da janareton asibiti sama da ƙasa. A sa wa turakun layin waya batir da zai kai su kwanaki, domin ranar ambaliya ce wuta ke ɗaukewa. A ɗaga bakin rijiya da na salga, a tanadi sinadarin tsaftace ruwan sha a kowace cibiyar lafiya tun watan Yuni, saboda amai da gudawa kan biyo bayan janyewar ruwa.