Yadda za ki shirya wasanki da kanki, 'yar Jidda

'Yan matanmu na nan Jidda da ke son harkar fim, ku daina zaman jiran wani darakta ya kira ku. Tun da aka sake buɗe sinima a Saudiyya a 2018, ƙofa ta buɗe, amma ba wanda zai rubuta labarin Bahaushiyar da aka haifa a Makka in ba ita ba.

Hanyar Michaela Coel nake so ku bi, 'yar Birtaniya da iyayenta 'yan Gana ne. Ta rubuta wasan dandamali na mutum ɗaya a 2012, ta hau ta yi shi da kanta. Daga nan ya koma talabijin a 2015.

Ki fara da abin da kika sani: gidan biki, rigimar iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya), kakar da ta zo aikin hajji ta zauna. Ki rubuta na minti goma, kujera ɗaya, ba kayan ado. Ki gwada shi gaban ƙawaye da gwaggo, ki lura inda suka yi tsit da inda suka fara duba waya, ki datse wurin da suka duba wayar. Sannan ki ɗauka da waya, sauti ya fita tas.

Maganar haƙƙin mallaka kuwa, ki riƙe ta gam. Coel ta ƙi tayin dala miliyan 1 daga Netflix saboda ba za a bar mata kaso na mallakar aikinta ba. Duk takardar da aka miƙo miki, ki kai wa lauya kafin ki sa hannu.