Yadda za ka taimaki abokin karatu da rikici ya firgita

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai ɗalibai daga Diffa da Tillaberi da suka ga tashin hankali da idonsu. Ƙarar babur kaɗai kan sa wani ya zabura.

Idan abokin ɗakinka ya firgita, zaunar da shi, ka kira sunansa a hankali. Ya shaƙi iska yana ƙirga 4, ya fesar yana ƙirga 6, har minti 5. Fesarwar ce ke lafar da bugun zuciya. Kada ka matsa masa ya ba da labari, fama miki ne. A rage shayi bayan la'asar, yana hana barci.

Idan munanan mafarkai suka wuce wata guda, raka shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa kuwa, ku tafi ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.