Yadda ake kai ƙudiri daga ikilisiya zuwa Babban Taro a cocin Firesbiteriyan

A tsarin Firesbiteriyan babu bishop. Mulki yana hannun majalisu ne, hawa-hawa: majalisar dattawan ikilisiya, majalisar gunduma wadda ta haɗa fastoci da wakilan dattawa na ikilisiyoyin yanki guda, sinod wadda ta haɗa gundumomi da dama, sai Babban Taro, majalisar ƙoli ta dukan cocin. Cocin Sikotland ta soke sinod tun farkon shekarun 1990, don haka hawa uku gare ta. Ƙa'idojin da ke ƙasa na babbar cocin Firesbiteriyan ta Amurka ne, wadda ta samu daga haɗewar coci biyu a 1983.

Ikilisiya ba ta aika ƙudiri kai tsaye zuwa Babban Taro. Dole ya bi ta gunduma. A fara da rubuta shi kashi biyu: abin da ake so a zartar, da kuma dalilai. Kashi na farko kaɗai ake kaɗa wa ƙuri'a, saboda haka duk abin da ake son ya zama doka a sa shi can. Mutane da yawa suna zuba muhimmiyar buƙatarsu cikin dalilai, a amince da ƙudirin, daga baya su tarar babu abin da ya canza. Idan gyaran kundin tsarin mulki ne, a ambaci lambar sashen, a nuna kalmomin da za a cire da waɗanda za su maye gurbinsu.

Majalisar dattawa ta amince a zamanta, a shigar cikin littafin taro, magatakarda ya sa hannu ya miƙa wa magatakardan gunduma.

Lokaci shi ne ke kashe yawancin ƙudirori. Babban Taro yana zama ne sau ɗaya a shekara biyu. Ƙudirin gyaran kundi sai ya isa kwana 120 kafin buɗe taro, wanda ya shafi kuɗi kwana 60, saura kwana 45. Kuma ba a karɓarsa sai aƙalla wata gunduma ɗaya ta mara masa baya. Doka ta wajabta wa gunduma zama biyu ne kawai a shekara, ko da yake da dama suna wuce haka. Ke nan a ƙirga daga ranar Babban Taro a dawo baya, a bar wa gunduma ta biyu zamanta, sannan a san ranar da dattawa za su tattauna. A fara neman mai mara baya tun ƙudirin yana daftari.

Ranar zaman gunduma a tabbata adadi ya cika: aƙalla fastoci uku da dattawa uku daga ikilisiyoyi uku daban-daban, ko fiye idan dokar gundumar ta ce haka. A tura dattijon da ya san maganar ciki da waje, domin za a kawo gyare-gyare a zauren, kuma shi zai gane wanda zai lalata manufar.

Ko Babban Taro ya amince, gyaran kundi yana komawa wa gundumomi, sai mafi rinjayensu sun yarda. Idan ya taɓa littafin shaidar bangaskiya, kashi biyu cikin uku ake nema, sannan Babban Taro na gaba ya tabbatar. Sikotland tana da irin wannan shinge tun 1697, don kada zama guda ya sauya koyarwa cikin gaggawa.