Wanda Ke Bayan Bangonka: Shawara Ga Sababbin Zuwa Daga Wanda Kulle Ya Ritsa Da Shi A Ingila

Na sauka Ingila a watan Satumbar 2019 da akwati biyu da wani lissafi da na ƙulla tun kafin in hau jirgi: shekara ɗaya ce, in gama karatu in kama gabana. Wannan lissafin ne ya sa ban damu da sanin kowa ba. Ɗakina yana hawa na biyu a wani gidan haya a Leeds, kuma wata shida cur ina gilma wa mutanen gidan a matakala, iyakata da su in ɗaga gira. Hirata duk tana cikin waya. In dawo daga makaranta, in kwanta, in buɗe WhatsApp, sai dare ya raba. Jikina ne kawai ya yi tafiyar.

Da aka fara maganar cutar korona a birnin Wuhan na China a ƙarshen 2019, mun ɗauke ta labarin nesa. Ko ranar 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta game duniya, ni dai ina ta duba farashin tikitin hutu. Ranar 23 ga Maris da daddare Boris Johnson, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida. A wannan ranar ce kuma Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje, ba a sake buɗe su ba sai 5 ga Satumba. Ƙofa biyu aka rufe mini rana guda, ta fita titi da ta komawa gida.

Kwana uku bayan haka na tarar da wata 'yar takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofata. Rubutun hannu ne, mai ɗan karkarwa. Tsohuwar da ke ɗakin da ke kallon nawa ce, wadda ban taɓa tambayar sunanta ba, ta rubuta lambar wayarta, ta ce in na rasa wani abu in kira. Kunya ta kama ni, don a ƙa'ida ni ya kamata in fara tambayar lafiyarta. Ta haura saba'in, tana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa illa, amma ita ce ta tuna da baƙon da bai taɓa gaishe ta da baki ba.

A watan Afrilu zazzaɓi ya kwantar da ni. Tari, ciwon jiki, sannan wata safiya na wayi gari ba na jin ƙamshin komai, ko na sabulu. A lokacin galibi ba a yi wa mutum gwaji sai wanda aka kwantar a asibiti, umarnin kawai shi ne ka killace kanka kwana bakwai. Wayata ba ta huta ba, 'yan'uwa na ta kira, ana addu'a, mahaifiyata na kuka, kuma Allah ya sani addu'ar ta riƙe ni. Amma duk cikinsu babu wanda zai iya miƙo mini kofin ruwa. Wanda ya yi wannan wani direban bas ne ɗan Poland da ke ƙasan bene. Tsohuwar ce ta sanar da shi. Kullum in ya taso aiki sai ya ajiye leda a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ja da baya ya tsaya a matakala har sai ya ji muryata kafin ya sauka.

Don haka ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, in kun tambaye ni abin da za ku fara yi a makonku na farko, kafin asusun banki, kafin layin waya mai sauƙi, zan ce ku san mutum biyu a inda kuke kwana. Ba sai kun shiga ɗakin kowa ba, mutanen nan ba sa son a faɗo musu babu sanarwa, kuma kada ku ɗauki hakan wulaƙanci. Gaisuwar matakala ta isa a fara da ita. Ku faɗi sunanku a hankali, ku bari su maimaita har su iya. Ku yi ƙorafin ruwan sama tare da su, don ita ce hirar da ba ta ƙarewa a ƙasar. In ɗan aike ya kawo wa maƙwabci kaya ba ya nan, ku karɓa ku ajiye masa. Ku tambaye shi ranar da ake fitar da shara ko da kun sani. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake kaiwa ga musayar lambar waya, kuma lambar nan ku same ta tun kuna da lafiya. Ranar da kuke buƙatarta ba ranar neman ta ba ce.

Sai likita. A Ingila ba a tashi kawai a tafi babban asibiti don ciwon da ba na gaggawa ba, ana bi ta likitan unguwa, wanda suke kira GP. Rajista da shi kyauta ce, kuma a ƙa'ida ba a hana mutum don ba shi da shaidar adireshi ko takardar zama. Ni sai da na kwanta na tuna ban yi ba, ina ta cike fom a waya idona na ruwa. Lambar 999 ta rai-kwakwai-mutu-kwakwai ce, 111 kuma ta neman shawarar lafiya ce dare da rana. Wanda ke ƙasashen Tarayyar Turai ya riƙe 112 don gaggawa, na Amurka 911. Ku rubuta cikakken adireshinku a takarda ku manna kusa da ƙofa. Kuna iya yi wa wannan dariya yanzu, amma mutum in numfashinsa na sarƙewa, lambar gidansa ma ɓace masa take.

Maganar takardu kuwa, korona ta tona asirin masu sakaci, ina cikinsu. Ofisoshi suka rufe, wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa ya zauna yana ƙirga kwanaki babu inda zai kai kuka. Gwamnatin Birtaniya ta ƙara wa waɗanda bizarsu ta ƙare kuma suka rasa jirgin fita wa'adi har zuwa ƙarshen Yulin 2020, amma sai wanda ya sanar da halin da yake ciki, ba a bin mutum gida da alheri. Ku fara neman sabunta fasfo tun yana da sauran shekara guda, don ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai wata shida ba. Ku ɗauki hoton kowace takarda ku aika wa kanku ta imel, ku ba wani amintacce kwafi. Yanzu izinin zama a Birtaniya ya koma na intanet, an daina katin da muke riƙewa a da, to ku tabbatar kuna iya shiga asusunku, kuma in kun canja fasfo ku sabunta bayanin kafin ku nufi filin jirgi. Ku sanar da ofishin jakadancin ƙasarku cewa kuna nan. Lokacin da aka fara shirya jiragen kwaso mutane, ta ofisoshin jakadanci aka bi, wanda ba a san da zamansa ba sai dai ya ji labari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarun nan shi ne yadda duniya ta sake yin faɗi. Mun taso muna jin wai jirgi ya naɗe ƙasa, sa'a shida ko bakwai ka bar Landan ka sauka Afirka ta Yamma. Ashe sa'o'in nan aro ne. A 2019 fasinjojin jiragen sama sun kai kimanin biliyan 4.5, a 2020 suka faɗo zuwa biliyan 1.8. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ƙarshen Fabrairun 2020, Hajjin shekarar aka taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, bayan na 2019 ya tara kusan mutum miliyan biyu da rabi. Duk wanda ya ga hoton harabar Ka'aba babu kowa bai manta ba. Ni a ranar na gane cewa tafiyar da nake taƙama da ita ba iyawata ba ce, ƙofa ce aka bari a buɗe, kuma mai ƙofa na iya janyo ta ba tare da ya shawarce ni ba.

Na sake ganin haka a Disambar 2021. Na sayi tikiti, na gama sayen tsaraba, sai ga Omicron, nau'in koronar da masana a Afirka ta Kudu suka sanar da duniya a ƙarshen Nuwamba. Ladan gaskiyar da suka faɗa shi ne aka rufe musu ƙofofi, wannan kuwa har gobe ina ganin rashin adalci ne. Ranar 6 ga Disamba Birtaniya ta sa Najeriya a jerin jajayen ƙasashe, wato in ka je ka dawo sai ka yi kwana goma a otal ɗin killacewa, ka biya fam 2,285 daga aljihunka. Na soke tafiyar. Ranar 15 ga wata aka cire dokar baki ɗaya. Kwana tara kacal, amma sun cinye mini hutu da kuɗi, don tikitin da na saya mafi arha ne, wanda ba a canja masa rana, kuma ta hannun wani dillalin intanet da daga baya ko wayarsa ba ya ɗagawa. Tun daga nan nake sayen tikiti kai tsaye daga kamfanin jirgi, in ƙara ɗan kuɗi in ɗauki mai canjin rana. Ku kuma sani, in jirgin da zai tashi daga Birtaniya ko Tarayyar Turai kamfanin ne ya soke shi, doka ta ba ku haƙƙin a mayar muku da kuɗinku, ba dole ku karɓi takardar alkawarin wata tafiya ba. In kai ka fasa, wannan wata magana ce daban. In za ku yada zango a wata ƙasa, ku duba dokarta ita ma. Kuma ku yi ƙoƙarin ajiye kuɗin haya da abinci na wata uku wanda ko gida ba a san da shi ba. Na san nauyin da ke kanmu, na san yadda saƙon neman taimako ke shigowa, amma wanda ya aika komai ya zauna hannu rabbana, in ta ɓaci shi ma ya zama kaya.

A cikin kullen farko kawuna ya rasu. A waya na ji, a waya na yi ta'aziyya, na ajiye wayar na zauna ina kallon bango. Babu wanda zai shigo ya zauna kusa da ni ko da bai ce uffan ba. Azumin shekarar ya zo a ƙarshen Afrilu, masallatai a rufe, na yi sallar idi ni kaɗai a kan darduma tsakanin gado da tebur, ba a dawo da jam'i ba sai a watan Yuli. A nan na san amfanin 'yan ƙasarmu da na riƙa gujewa, wai ba na son gulma. Gulmar tana nan, ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma masu ba da shawarar da za ta jefa ka cikin matsala da hukuma, musamman kan aiki fiye da sa'o'in da bizar ɗalibi ta yarda, wato 20 a mako lokacin karatu. Amma su ne suka haɗu a Zoom suka yi wa kawuna addu'a da harshen da zuciyata ke ji. Ku nemi su, ku zaɓi na kirki a cikinsu, kada kuma ku tsaya a kansu kaɗai. Na ga wanda ya shekara goma a nan bai taɓa shan shayi da wanda ba yarensu ɗaya ba, kullum yana cewa Turawa ba su da zumunci. Zumunta a ƙafa take, shi kuwa bai taɓa ɗaga tasa ba.

Ku yi hattara da hunturun farko. A Disamba rana na faɗuwa a Leeds kafin ƙarfe huɗu, ka fita da duhu ka dawo da duhu, sai ka ji wani nauyi a ƙirji wanda ba ka san sunansa ba. Hukumar lafiyarsu na ba masu duhun fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara, don hasken ranar ƙasar ba ya isar mu. Kaɗaici kuma ba rauni ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Birtaniya ta naɗa minista kan matsalar tun 2018, Japan ta bi sahu a 2021, ka ga ba baƙi kaɗai take ci ba. In abin ya yi yawa ku gaya wa likita, ko ku kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, a 116 123, kyauta ne, ba sa tambayar takardarka. Ku fita ku taka ƙasa kullum ko da sanyi. Ku sa wa kiran gida lokaci, kada ya cinye daren da za ku huta, kuma in kun kira ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki ga mutum ɗaya aƙalla. Mu kan ɓoye wahala don kada a ce mun gaza, su ma can suna ɓoye mana tasu don kada hankalinmu ya tashi, sai a yi ta musayar "lafiya lau" kowa na cin tasa shi kaɗai.

Ingila ta janye sauran dokokin tafiya a watan Maris 2022, na samu na je gida da bazarar shekarar, bayan kusan shekara uku. Ana gobe zan tafi na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, wadda zuwa lokacin nake kira Mama ita kuma ta daina gyara mini, na ba ta makullin ɗakina saboda wasiƙu. Ta karɓa ta rataye kusa da nata, ta tambaye ni ranar dawowa, ta ɗauko biro ta zagaye ranar a kalandar da ke jikin firjinta. Da na dawo jirgina ya yi jinkirin sa'a biyar, na iso ƙarfe ɗayan dare, na tarar fitilar matakala a kunne, makullina cikin ambulan a ƙarƙashin tabarmar ƙofa.