Yadda na raba polima biyu da suka cakuɗe a ma'aunin haske

Mako biyu ina fama da cakuɗin polistirin da PMMA, polima biyu (wato nau'o'in roba), da na narkar a wani ruwan narkarwa mai suna THF. Ina haska leza mai tsawon zango nanomita 633 cikin ruwan, ina auna hasken da ya warwatsu, domin in ga yadda polistirin ke yawo a tsakiyar PMMA. Sakamakon kuwa kullum a dagule yake fitowa, domin su biyun duk suna warwatsa haske, ba a gane na wane ne.

Da farko ƙura na zarga, kuma da gaskiyata. Ƙarfin hasken da ƙaramar ƙwaya ke warwatsawa yana ƙaruwa matuƙa da faɗinta: idan faɗin ya ninku sau biyu, hasken kan ninku sau 64, don haka ƙwayar ƙura ɗaya kan danne komai. Na tace ruwan da matatar roba ta PTFE mai ramin maikuron 0.2, tsalle-tsallen lambobi ya daina, amma cakuɗewar tana nan.

Ashe ruwan narkarwar ne matsalar. Polima ba ta bayyana sai yadda take lanƙwasa haske ya bambanta da na ruwan da take ciki. Ma'aunin lanƙwasa na THF wajen 1.41 ne, nesa da na su biyun. Na toluwin kuwa, wani ruwan narkarwa daban, kusan 1.50, daf da na PMMA mai 1.49, alhali na polistirin 1.59 ne. Da na koma toluwin, PMMA ta kusa ɓacewa daga idon na'urar, polistirin ta fito fes.

PMMA tana nan fa, tana ƙara wa ruwan kauri, tana rage wa polistirin gudu. Wannan raguwar gudun ita ce dama nake son aunawa.