Yadda Ake Binciken Ƙwaƙwalwa da Laka a Jikin Gawa

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi ƙwarai, shi ya sa gaggawa ke iya haifar da raunin da babu shi tun farko, ko ta shafe shaidar abin da ya yi ajalin mamaci.

Da farko a tsaga fatar kai daga bayan kunne zuwa bayan ɗaya kunnen ta tsakar ka, a yaye ta gaba da baya, a duba taruwar jini a ƙarƙashinta. Sai a zagaye ƙoƙon kai da zarto, a bar ɗan lanƙwasa a yankan domin ƙashin ya zauna daidai idan an mayar. Kada zarton ya nutse, zai yaga tantani mai kauri da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwar. Jinin da aka tarar a sama ko ƙarƙashin tantanin, a auna yawansa kafin ya zube.

Sannan a ɗaga gaban ƙwaƙwalwa da yatsu, a yanke jijiyoyin gani da manyan jijiyoyin jini, a saki tantanin da ya rufe ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke can wajen ƙeya, a yanke laka can ƙasa iya inda wuƙa ta kai. Tafin hannu ya tallabe ta, kada nauyinta ya tsinka tushenta, wato ɓangaren da ya haɗa ta da laka. Nauyin ƙwaƙwalwar baligi kan kai giram 1,200 zuwa 1,400. A ɗaye tantanin gindin ƙoƙon kai, domin karaya kan ɓuya a ƙarƙashinsa.

Wasu ayyukan dole a gama su kafin a saka ƙwaƙwalwar cikin fomalin, sinadarin da ke taurara nama ya hana shi ruɓa. Idan ana zargin sanƙarau, a ɗebi samfurin gwajin ƙwayoyin cuta yanzu. Idan jini ya malale a gindin ƙwaƙwalwa, a wanke shi a hankali tun yana ɗanye, a bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya har a gano wadda ta kumbura ta fashe. Da zarar fomalin ya daskarar da jinin, nemo wurin ya zama jan aiki.

Daga nan a zura zare a ƙarƙashin babbar jijiyar jini ta gindin, a rataye ƙwaƙwalwar a kife cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kimanin mako 2, kada ta taɓa ƙasan bokiti ta baje. Bayan ta yi tauri, a raba tushen da ƙaramar ƙwaƙwalwa, a yanka sauran falle-falle, kaurin santimita 1, a jera su bi da bi ana gwada dama da hagu.

Laka kuwa, a kifar da gawar, a tsaga tsakiyar baya, a yanke bayan ƙasusuwan gadon baya ta ɓangarorin biyu. A ciro ta cikin tantaninta, tsawonta kusan santimita 45, ana riƙe tantanin kawai. Lanƙwasa ko matsa na tura cikinta kamar man goge baki, har a ɗauka cuta ce a madubin likita.

Idan ana zargin cutar Creutzfeldt-Jakob, wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa, fomalin ba ya kashe abin da ke yaɗa ta. A yi aiki da zarton hannu don rage feshin ƙurar ƙashi, tare da kariyar fuska da safar hannu mai hana yanka.